Binciken sararin samaniya na haɗin gwiwa: ina rabon Katsina a ciki?

Injiniya Mannir, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. A makon jiya wani ɗalibina ya tambaye ni a aji ko wane amfani mai walda na bakin titi, ko mai noman rani a bakin dam ɗin Ajiwa, yake samu daga maƙudan kuɗin da ƙasashe ke zubawa a binciken sararin samaniya. Na ba shi amsa a tsaitsaye, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Abin da na daɗe ina gani shi ne, salon aikin da masu wannan fanni suka ƙware a kai ya fi tauraron ɗan'adam ɗin kansa amfani a gare mu. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa asibitocin duniya suka rasa na'urar taimaka wa numfashi, injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya, wadda take ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, waɗanda aikinsu shi ne ƙera na'urorin da ake aikawa duniyar Mars, sun tsara sabuwar na'urar numfashi mai suna VITAL cikin kwana 37. Ba likitoci ba ne, saboda haka suka jawo likitoci cikin aikin tun daga farko, aka gwada na'urar a wani babban asibiti na birnin New York, sannan aka ba kamfanoni lasisin ƙera ta ba tare da karɓar kuɗi ba. Wannan sauri ba a ranar suka koye shi ba. Tun 1995 cibiyar take da wani tsari da ake tara masanin wutar lantarki da masanin zafi da sanyi da mai lissafin nauyi da mai lissafin kuɗi a ɗaki guda, kowa da kwamfutarsa, amma zane ɗaya suke yi wa aiki, ta yadda idan wannan ya ƙara girman batir, nan take wancan zai ga nauyi ya ƙaru, su daidaita kafin a tashi. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta buɗe irin wannan ɗaki a ƙasar Holan a 1998, kuma nazarin da a da yake cin watanni ya koma makonni. Tambayata ita ce, me zai hana mu ɗauki wannan salo mu ɗora shi a kan matsalolinmu na ruwa da noma da wuta?

Alhaji Rabe, Daura:
Wa alaikumus salam, Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ba ni da ilminku, amma na ga jiya na ga yau, don haka ku yi mini haƙuri idan na zo da saɓani. Na tuna a 2007 aka harba mana tauraron sadarwa na NigComSat-1 daga ƙasar Sin, aka yi ta murna a rediyo, amma kafin ƙarshen 2008 ya daina aiki saboda farantansa na hasken rana sun samu matsala, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. Daga wancan lokaci zuwa yau, ban ga abin da ya sauya a gonar talakan Zango ko Baure ba wanda zan ce ga hannun tauraro a ciki. Yau akwai manoma a yankunan Batsari da Safana da Jibiya da suka shafe damuna ba su taka gonakinsu na nesa ba saboda 'yan bindiga, masu walda kuma rabin ribarsu a man janareta take ƙarewa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, Injiniya. Ina tsoron kada mu ɗaga kai muna kallon sama alhali ƙaya tana ƙafarmu.

Dakta Murja, Layout:
Baba Alhaji, ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya, kuma ni ba zan goyi bayan a ɗebi kuɗin jiha a ce za a harba wani abu sama ba. Sai dai akwai wani ɓangare na lamarin da ba ya bukatar mu harba komai, domin wasu sun riga sun harba, sun kuma buɗe ƙofa ga kowa. Amurka ta fara ɗaukar hoton doron ƙasa da taurarin Landsat tun 1972, kuma a 2008 ta mayar da dukkan hotunan kyauta. Turai ta biyo baya da Sentinel-2 a 2015, wanda yake iya bambance fili mai faɗin mita goma, yana kuma dawowa kan wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar. Wannan yana nufin duk wata gona da ke tsakanin Funtuwa da Kongolam ana ɗaukar hotonta sau da dama a kowane wata, hotunan suna nan a ajiye, mu ne dai ba mu buɗe su ba.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ganye mai lafiya yana mayar da wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani, wanda yake gaba da ja kaɗan, kuma da zarar shuka ta fara jin ƙishirwa ko cuta ta kama ta, wannan hasken yakan ragu, sau da yawa tun kafin mai gona ya lura da rawaya a ganyen. Na'urar tauraron tana auna wannan haske, saboda haka malamin gona ɗaya da yake da ƙauyuka masu yawa a wuyansa zai iya sanin inda ya kamata ya fara zuwa da babur ɗinsa. Har gonakin da ka ambata waɗanda tsoro ya hana a noma, ana iya gane su daga sama a ƙididdige su, a san girman giɓin abincin da za a fuskanta tun kafin kaka, maimakon a jira sai farashin kwano ya faɗa mana.

Game da taurarinmu kuwa, ina ganin an fi yaɗa labarin wanda ya lalace fiye da waɗanda suka yi aiki. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Nijeriya, wato NASRDA, a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a watan Satumban 2003 daga Rasha, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi tare da horar da injiniyoyinmu. Abin lura shi ne ba shi kaɗai yake aiki ba, an sa shi ne cikin ayarin taurari na haɗin gwiwa don lura da bala'o'i, tare da na Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya, daga baya na Sin ya shigo. Ƙasa ɗaya ba za ta iya kallon duniya kullum da ƙaramin tauraro guda ba, amma da suka haɗa ƙarfi sai abin ya yiwu, har hotunan tauraron Nijeriya suka taimaka wa masu aikin ceto a Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005.

Malam Sada, Rafindaɗi:
Na karanta bayananku duka, kuma a matsayina na tsohon safiyo da ya yi shekara talatin da wani abu yana awon ƙasa, ba na musun amfanin abin da ke zuwa daga sama. Na yi aiki da sarƙa da kamfas, na kuma ga ranar da GPS ta shigo hannunmu, musamman bayan watan Mayun 2000 da Amurka ta daina rage ingancin siginar da take bai wa farar hula, aikin mako ya koma na wuni. Inda nake da ja shi ne wannan kalma ta sauri da Injiniya Mannir yake yabo. Ita kanta NASA ta taɓa rungumar manufar yin aiki cikin sauri da araha a shekarun 1990, ta ci riba a wasu ayyukan, amma a Satumban 1999 ta yi asarar kumbon da ta aika ya zagaya duniyar Mars don nazarin yanayinta, kuma dalilin bai wuce wannan ba: wata tawaga ta yi lissafi da ma'aunin Ingilishi na fam, ɗayar kuma ta ɗauka da ma'aunin mita aka yi. Haɗin gwiwa ne ya haifi wannan kuskure, domin hannu biyu ne suka yi aikin, kowanne yana zaton ɗan'uwansa ya fahimce shi.

Na ga irin wannan da idona a nan gida. An taɓa ba mu aikin rarraba filaye a wani gari cikin gaggawa, aka ce a gama kafin wani biki, takardar da muka gada an yi ta da ƙafa, yaran da suka fita awo kuma da mita suka yi, ba wanda ya tsaya ya tambaya. Shekaru aka yi maƙwabta suna shari'a a kan wannan aikin, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Ba banza Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa ba.

Injiniya Mannir:
Baba Sada, Allah ya ƙara girma, na karɓi wannan gyara. Sai dai ina ganin labarin kumbon yana ƙarfafa batun ɗaki guda ne, domin tawagogin nan biyu suna jihohi daban-daban, lambobi kawai suke aika wa juna. Saurin da nake nufi shi ne a rage kwanakin da takarda take yi tana kwance a kan tebur tana jiran sa hannu, ba a rage gwaji da bin diddigi ba.

Kabiru mai sola, Sabuwar Unguwa:
Malamaina, ku ba ni dama in sa baki duk da ƙarancin karatuna. Na fara da gyaran waya, yanzu kuma ina haɗa sola a gidaje da rijiyoyin burtsatse. Na karanta cewa ƙwayar da ke ɗaukar hoto a cikin wayoyin da muke kwancewa kullum, asalinta daga aikin wani injiniya ne mai suna Eric Fossum a waccan cibiya ta JPL a shekarun 1990, lokacin da suke neman kyamara ƙarama wadda ba ta cin wuta don sakawa a kumbo. Shi ma farantin sola, tauraron Vanguard 1 na 1958 ne ya fara dogaro da shi a sama, a zamanin da tsadarsa ta hana kowa amfani da shi a ƙasa, ga shi yau da shi nake ciyar da iyalina. Saboda haka ni shaida ne cewa abin yana saukowa har kasuwa, ko da bayan shekara hamsin ne.

Damuwata ita ce kullum mu a ƙarshen layi muke, sai abu ya gama zagaya duniya ya zo mana a kwali, mu dai sayarwa da gyara. A cikinmu akwai yaran da za su ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya su mayar da wata, da hannu da iskar zafi kawai, amma ban taɓa ganin wani malamin jami'a ya zo rumfarmu ya ce ga matsala mu haɗu mu warware ba. Idan ana maganar haɗin gwiwa, shin da mu a ciki, ko tsakanin masu digiri ne kawai?

Injiniya Mannir:
Kabiru, tambayarka ta taɓa ni, kuma laifin namu ne mu malamai. Bari in ba ka misalin da zai nuna maka cewa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya, Bob Twiggs da Jordi Puig-Suari, suka fitar da ma'auni na ƙaramin tauraro mai suna CubeSat, ɗan akwati mai santimita goma ta kowane gefe, don ɗalibi ya iya fara aikin ya kuma ga ƙarshensa kafin ya bar makaranta. Da yake ma'aunin ɗaya ne ga kowa, sai kamfanoni suka shiga ƙera sassansa, farashi ya faɗi, kuma da yawa daga kayan cikinsa dangin waɗanda kuke taɓawa ne a rumfa. Da wannan ma'auni ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta haɗa kai da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, cikin shirin da ya haɗa ɗalibai daga Ghana da Mongoliya da Bangaladash, aka ƙera NigeriaEduSat-1 cikin kimanin shekara biyu, aka kai shi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017, daga can aka sake shi. Kafin nan ma, NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011 injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila.

Ban ce mu ƙera tauraro a Katsina bana ba. Amma ƙaramar tashar auna ruwan sama da zafi da danshin ƙasa, mai aiki da sola, wadda take aiko da saƙo ta layin waya, irin tunanin da ake yi wa CubeSat ake yi mata: ta yi ƙanƙanta, kada ta ci wuta, ta jure zafi da ƙura, ta yi aiki inda babu mai zuwa gyara ta. Wannan aikin Kabiru da maƙera da masu walda ne tare da ɗalibanmu, kuma duk wanda ya iya shi ya iya haɗa na'urar kula da injin ban-ruwa ko ɗakin sanyi na ajiye tumatir.

Alhaji Rabe:
To, na ji bayani, kuma na yarda cewa hoton da aka ce kyauta ne babu asara a duba shi. Amma bari in faɗa muku wani abu daga cikin sana'ata, wanda watakila ku malamai ba ku yi tunaninsa ba. A kasuwar hatsi, wanda ya riga sanin labari shi ne mai riba. Idan yau wani ya san tun watan Agusta cewa geron arewacin jiha ba zai yi kyau ba, ba manomi ne zai fara amfana ba, mai kuɗi ne zai bi kasuwanni irin su Mai'aduwa ya kwashe abin da ya rage ya kulle a sito, ya jira bazara. Ni ɗan kasuwa ne, na san zuciyar 'yan'uwana, na kuma san tawa. Saboda haka idan wannan ilmi zai tsaya a kwamfutar mutum biyar da Turanci, to kun ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai. Wa zai mallaki sakamakon, kuma ta wace hanya zai isa kunnen manomin da ko waya mai intanet ba shi da ita?

Dakta Murja:
Baba Alhaji, wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun da aka buɗe muhawarar, kuma ban taɓa jin an tayar da ita a wani taron masana da na halarta ba. Amsar da nake da ita ita ce a sa sharaɗi tun farko cewa duk abin da aka gano za a fitar da shi ga kowa a rana ɗaya, da Hausa, ta rediyo da ta bakin malaman gona da masu unguwanni, kamar yadda waɗanda suka tsara na'urar numfashi suka buɗe zanensu maimakon su ɓoye. Ko da hakan, ban ce an toshe ƙofar da ka nuna gaba ɗaya ba, domin mai jari zai fi saurin motsawa ko da an faɗa wa kowa a lokaci guda.

Shi ya sa nake ganin kada mu fara da hasashen amfanin gona, mu fara da ruwa. Dam ɗin Ajiwa yana kusa da gari, birnin Katsina yana sha daga gare shi, masu lambu kuma suna noma a gefensa. Da hotunan Sentinel-2 za mu iya auna faɗin ruwansa daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar bazara, mu koma baya shekara da shekaru mu ga yadda yake janyewa, a lokacin gizagizai kuma mu yi amfani da Sentinel-1, wanda yake aiki da rada, yana gani ta cikin hadari da dare da rana. Amma akwai iyakar abin da sama za ta faɗa mana, domin tauraro faɗi yake gani, ba ya ganin zurfi, kuma babbar cutar madatsunmu ita ce yashi da laka da suke cike su daga ƙasa. Zurfin sai an shiga kwalekwale da igiya da ma'auni, kuma babu wanda ya san cikin ruwan nan kamar masuntan da suke kwana a kansa. Idan tsarin ya yi aiki a nan, sai a ɗauke shi zuwa madatsun Zobe da Sabke da Jibiya, inda ambaliyar Yulin 2018 ta ci rayuka da dama, kuma har yanzu mutanen garin ba su manta da daren ba.

Zainab, ɗaliba:
Malamaina, ina aji huɗu a sashen nazarin ƙasa, kuma ina roƙon a sa ɗalibai a wannan aiki. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala karatu, a yi masa bango mai kyau, a jera a kanta, ba wanda zai sake buɗe shi, na bayanmu kuma su sake yin irinsa daga farko. Idan mu goma muka raba shekarun hotunan Ajiwa a tsakaninmu, kowa ya ɗauki nasa da hanya iri ɗaya, aikin da zai ɗauki mutum ɗaya shekara za mu gama shi a zango guda. Matsalarmu ita ce kuɗin data, saboda hotunan suna da nauyi, da kuma wurin da wuta take tsayawa.

Kabiru mai sola:
Batun wuta ku bar mini shi. Ina da farantai huɗu da batir biyu da na karɓo daga wani aiki da aka sauya wa kaya, suna da sauran ƙarfi, za su riƙe kwamfutoci biyar daga safe zuwa la'asar. Zan kuma zo da yara biyu daga rumfa don su ga yadda ake haɗa na'urar auna tsayin ruwa.

Injiniya Mannir:
Allah ya saka da alheri, Kabiru. Shawarata ita ce mu ɗibar wa kanmu kwana casa'in, mu riƙa haɗuwa a ɗaki ɗaya kowace Asabar, da ɗalibai da masu gyara da wakilin masunta da na masu lambu, kuma kafin komai mu kai gaisuwa ga hukumar da ke kula da dam ɗin da mai garin wurin, mu nemi izini.

Malam Sada:
Zan zo, in Allah ya yarda, da tsohon littafina na awo da na'urar daidaita tsayi, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, a zaman farko za a rubuta a takarda cewa da mita za a yi kowane awo, daga wane dutse za a fara, kuma kowace lamba sai mutum na biyu ya sake auna ta kafin a shigar da ita kwamfuta. Na biyu, ban yarda da kwana casa'in ba. A kwana casa'in za ku iya gama duba tsofaffin hotuna ku haɗa na'ura, wannan na amince, amma ruwa ba a saninsa sai an ga cikarsa an ga ƙafewarsa, don haka kada a faɗa wa jama'a komai game da zurfin Ajiwa sai mun auna shi a watan Oktoba mun sake aunawa a watan Mayu.

Alhaji Rabe:
Ni kuma na ɗauki nauyin kuɗin datar yaran na wata uku, da motar da za ta kai ku bakin ruwa ranar awon farko. Abin da nake roƙo shi ne a ba ni gurbin yara biyu daga Daura su zauna tare da ku tun daga zaman farko, saboda idan an zo kan Sabke a samu waɗanda suka riga suka iya. Dakta, ki turo mini ranar da kuka tsayar, kada ta faɗa ranar Lahadi, domin ina kasuwar Mai'aduwa.